Ranar da Na Kira 'Yar Farina ta Bayan Taga

Ƙarar takalmi ce ta fara komai. Takalmin makaranta mai maɗauri, wanda in an zare shi an saki yakan faɗi a siminti ya ce ƙwas, ɗaya, sannan ɗayan. Na daɗe da sanin wannan ƙarar, da ita nake gane biyu da rabi ta yi, 'yata ta dawo. Ranar ina tsintar wake na ji ta, na gyara zama ina jiran sallama. Sallamar ta zo, amma ba a ƙofata ba. Ƙofa biyu kafin tamu aka yi ta, aka amsa da murna, har da kiran suna ana jan ƙarshensa.

Gidan da muke haya a Agege irin mai dogon lungu ne a tsakiya, ɗakuna suna kallon juna, famfo da igiyar shanya a baya. Ba a ɓoye komai a irin wannan gida. In an soya albasa kowa ya ji, in an yi faɗa kowa ya san wanda ya fara. Ɗakin da 'yata ta tsaya na wata malamar firamare ce, Kirista, 'yar kudancin Kaduna, ba ta daɗe da tarewa ba. Yara suna ce mata Anti, mu ma manya muka bi. Mace ce mai fara'a, in tana dariya har kafaɗunta rawa suke. Ba ta taɓa yi mini komai ba. Ranar da ta tare ma ni na aika mata da tuwo.

Sai dab da la'asar yarinyar ta shigo, da wani abu a ƙarƙashin hijabinta.

"Ke, daga ina?"

"Ɗakin Anti. Aron littafi ta ba ni."

"Na makaranta?"

"Na labari."

"To cire kayan nan ki ci abinci."

Iyakar maganarmu ke nan, kuma ba fushi ba ne. Haka muke kullum. Ita ce 'yar farina, lokacin shekarunta sha uku, kuma tun da aka raɗa mata suna ban taɓa furta shi ba. A garinmu, can wajen Funtuwa, uwa ba ta kiran ɗan fari da suna, ba ta yabonsa, ba ta jan sa jiki a gaban mutane. Kunya ce. Ni ma 'yar fari ce, har mahaifiyata ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba, kuma ko sau ɗaya ban yi zaton ba ta so na ba. Ina zan yi zaton haka? A ɗakin kakata aka yaye ni, can na girma. Gwaggo biyu, inna uku, kowacce da sunan da take tsokanata da shi. Abin da uwa ta rufe, gidan gaba ɗaya yana buɗewa.

Abin da ban lura ba sai daga baya, na ɗauko kunyar na kawo ta Legas, amma ban ɗauko kaka da gwaggo ba. Ɗaki biyu, ni da maigidana da yara biyu. Ƙanwar kuwa, mai shekara biyar, ina kiran ta har da waƙa, ina goya ta ko da ƙafafunta suna jan zanena. Babbar sai "ke", ko in ce wa ƙaramar, "kira yayarki." Abin dariyar shi ne a nan kowa da sunanta yake kirana. Maman wance. Matar mai gidan, Bayarabiya ce da muke kira Iya, ita kuma Iya wance take ce mini. Ina amsawa sau goma a wuni, ban iya faɗa sau ɗaya ba.

Daga wannan ranar takalmin ya koma faɗuwa a ƙofar Anti. Ina zaune zan jiyo su, Hausa da Turanci da buroka duk a gauraye, yadda yaran Legas ke yi. Sai in ji 'yata ta ce, "Anti kar ki gaya mini, ban kai wurin ba," sai dariya. Ban san tana da irin wannan dariyar ba. A ɗakina murmushi take yi, ta sunkuyar da kai.

Na fara ƙirƙiro aiki. Je ki ce yayarki ta zo ta daka yaji. Je ki ce ta zo ta kwashe shanya, alhali shanyar ba ta bushe ba. Na fara jin ƙishirwar ruwan famfo a daidai lokacin da suke hira, don in bi ta lungu in saci kallo. Wata rana labulen a ɗage yake, na gan ta zaune a ƙasa, kanta a gwiwar Anti ana yi mata tsifa, littafin a buɗe a cinyarta tana karantawa a bayyane. Ni nake yi mata kitso tun tana jaririya. In ina yi, ba abin da ke shiga tsakaninmu sai "juya" da "sunkuya". Na wuce da bokitina kamar ban gani ba, na je bakin famfo na tsaya, na manta ban buɗe shi ba.

Na daɗe ina ce wa kaina tarbiyya nake tsaro. Ko a sujada haka nake faɗa, Allah ka kare mini yarinya daga littattafan banza. Amma wanda kake gaya wa ya san abin da ke zuciya. Kishi ne, ba wani abu ba. Ina tsoron ranar da wani abu zai dami yarinyar nan, babba ko ƙarami, ta tashi ta wuce ni ta ƙwanƙwasa wata ƙofar.

Littafin ba ta zuwa da shi makaranta, an hana su. Ina gyaran gado na same shi a ƙarƙashin katifa. Tsoho ne tukuf, takardunsa sun yi ruwan ƙasa, suna warin akwatin da aka daɗe ba a buɗe ba. An ɗinke bayansa da baƙin zare. A bangon akwai wata Baturiyar yarinya riƙe da tocila a kan matakala, idanunta waje, launin duk ya koɗe. Na Anti ne tun tana sakandare. Na zauna a bakin gado da niyya ɗaya: in nemo abin haramun a ciki, in kai wa mahaifinta, a hana. Shi ke nan ba sai na ce komai a kan Anti ba.

Na yi sakandare, kuma a lokacinmu ni ma na karanta irin waɗannan, ana yaga littafi gida uku a raba a aji. Amma tun da na yi aure ban karanta komai da Turanci ba sai takardar sakamakon yara da ta magani. Shafukan farko da yatsa na bi su. Safiya uku na yi, ina gama shara da wanke-wanke in ɗauko, kafin azahar in mayar daidai yadda na same shi.

Labarin wata 'yar shekara sha shida ce da iyayenta suka koma wani tsohon gida a bakin daji, a garin da ƙanƙara ke zuba. Gidan yana da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, a kulle. Wani abu yana ciki wanda ya iya kwaikwayon muryar uwarta. Yakan bari sai tana ita kaɗai ya kira sunanta, sau uku. In ta amsa, ya samu hanya.

Ra'ayina a kansa bai canza ba har yau, kuma rabinsa haushi ne. Mutanen ciki ba su da wayo. Ka shiga gidan da ya shekara ashirin ba kowa, ba bismilla, ba addu'a, ba ka tambayi maƙwabta abin da ya kori na da ba. Maƙwabtan ma babu su, gida ɗaya tilo kamar an jefar. A gidanmu in ka yi tari biyu sai an ɗaga labule an ce lafiya. Aljanin da zai zauna da mu sai ya haƙura da janareta uku da rediyon Iya. Uban yarinyar kuma duk abin da ta faɗa sai ya ce iska ce, bututun ruwa ne. Saurayin da aka saka ba shi da aikin yi sai tuƙa mota da zuwa a makare. Marubucin yana da wata dabara da ta ishe ni: ƙarshen kowane babi sai wani hannu ya dafa kafaɗar yarinyar, ka juya shafi zuciyarka na bugawa, ashe ƙanenta ne, ko kuma kyanwa ce ta ture kwalba. Ƙarshen labarin an yi shi a gaggauce, kamar mai tuwon da baƙi suka iso kafin ta tuƙa. Abin haramun ɗin da na shiga nema kuwa, riƙe hannu ɗaya na samu, shi ma a guje suke.

Amma ƙarya zan yi in na ce bai kama ni ba. Safiya ta biyu miyata ta kama a tukunya, sai ƙauri ne ya tashe ni. Mutumin nan, duk da kyanwarsa, ya san abu ɗaya: abin tsoro na gaske ba da ƙaho yake zuwa ba, da muryar wanda ka fi yarda da shi yake zuwa. Na yi mamakin yadda Bature ya san wannan, domin mu ma haka aka gaya mana muna yara, in an kira ka ba ka ga mai kira ba, kar ka amsa. Ni da bakina na koya wa yarana.

Wurin da ya fi ci mini rai ba na tsoro ba ne. Uwar cikin littafin ce. Matar nan ba ta buɗe baki ba tare da sunan 'yarta ba. Wajen karin kumallo suna, wajen fita suna, ta zauna a bakin gadonta ta shafa kanta ta ce wa ya ɓata miki rai. Na tsinci kaina ina jin haushin matar da babu ita, matar takarda. Na ce a raina, ai ga irinta nan, kin yi ta kira har aljani ya haddace. Sannan na ji kunyar kaina na yi istigfari.

Ga kuma gefen shafukan. Tun tana 'yar makaranta Anti ta yi rubutu da shuɗin biro, ya koɗe. A wani wuri ta rubuta, kar ki sauka. A ƙarƙashinsa da fensir, rubutun da na sani, na 'yata: sai da ta sauka, wawuya. Haka suke tafe shafi bayan shafi, biro ya faɗa fensir ya amsa. Har a cikin littafin da na sata in karanta, hira suke, ina tsaye a waje.

Ranar Alhamis muka haɗu da Anti a bakin famfo, makarantarsu an tashi da wuri.

"Maman wance, sannu da aiki."

"Yawwa Anti, an dawo lafiya?"

"Lafiya lau. Yarinyan nan naki akwai kai. Littafi ɗin da ya ci mini wata biyu, ita ta kusa gamawa."

"Allah ya sa na makaranta ma haka take cin sa."

Ta yi dariya, kafaɗu suna rawa. Sai ta duba lungu, ta rage murya.

"Kin san abin da ta tambaye ni? Wai ko ta yi miki wani laifi ne tun tana ƙarama. Wai ƙanwarta kina kiran ta har da waƙa, ita kuma sai ke."

Na ce, "Me kika ce mata?"

"Na ce al'adan ku ne. A Kafanchan na tashi da Hausawa, na sani. Na ce mata wanda aka fi so shi ake ɓoyewa."

"Ta yarda?"

"Ta ce to. Kin san to na yaran yanzu."

Na ce an gode. Kuma ya kamata a gode ɗin, domin ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Wannan ne ma ya fi zafi. Tambayar tawa ce, a ɗakin wata aka yi ta. Amsar tawa ce, wata ta bayar, ta kuma bayar daidai. Da ta ɓata ni da na samu abin riƙewa.

Kwana biyu ina juya maganar. Na san ba addini ba ne, a Islamiyyar matan aure malama ta sha faɗa mana cewa wannan kunyar al'ada ce kawai. Amma sani daban, harshe daban. Na gwada sunan ina ɗauraye kwanuka, a hankali, ruwa na zuba don kar in ji kaina. Gaɓa uku ne kacal, suna mai daɗi, ni ce ma na zaɓe shi a ɓoye na gaya wa ƙanwar maigidana ta kai masa. Sai ya tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Gani nake mahaifiyata tana tsaye a bayana tana cewa, ke, Legas ɗin ce ta mai da ke haka?

Ranar Asabar ta zo da wani irin shiru da ba a saba ba. Maigidana ya tafi kasuwar Mile 12 tun asuba, motocin tumatir sun iso. Ƙaramar tana Islamiyya. Anti ta tafi koyon waƙa a cocinsu, Iya da jama'arta sun tafi biki. An ɗauke wuta, ba wanda ya tada janareta. Babbar tana kwance a ɗaki da mura, da littafin, na ga saura 'yan shafuka. Hantsi ne, rana tas.

Ina bayan gida ina shanya, daidai tagar ɗakinmu, labule a sake. Na ce yau ne ko babu. Ba kowa da zai ji, ita ma ba za ta ga fuskata ba. Ba zan iya ina kallon idonta ba, shi ya sa na zaɓi bayan taga. Ko kaɗan littafin bai faɗo mini a rai ba, ni da na karanta shi tas.

Na matso jikin bango, riƙe da jiƙaƙƙen zane, na kira.

Muryar da ta fito ban san ta ba. Siririya, a dishe, tana rawa, ga shi na ja ƙarshen sunan yadda na ji Anti tana yi. Na saurara. Shiru.

Na sake kira, ƙasa-ƙasa. Na ji motsin gado, sannan shiru.

Na uku na ɗan ɗaga murya. Ko tari.

Ban san lokacin da hawaye suka zo ba. Anti in ta kira, kafin ta rufe baki an ce na'am. Ni da na ɗauki cikinta, na haife ta a garin da ba ni da kowa, na karya abin da uwata da kakata suka riƙe, na kira sau uku, ba ta ga damar amsawa ba. Na jefa zanen a bokiti. Na ce yau littafin nan zai koma ɗakin mai shi, kuma ƙafarta ba za ta sake taka ƙofar can ba, kowa ya ce abin da zai ce.

Na zagayo ta lungu da sauri, na tura ƙofa, na ji ta a kulle. Ni kuwa a buɗe na bar ta. Na buga.

"Ke, buɗe ƙofar nan."

Ban rufe baki ba sakata ta zare. Yarinyar ta faɗo jikina ta ƙanƙame ni, abin da ba ta yi ba tun tana koyon tafiya. Ta saka hijabinta a bai-bai, bakinta bai daina a'uziyya ba. Ta kan kafaɗarta na hango littafin a ƙasa can ƙuryar ɗaki, ta kife shi da murfin tukunya.

"Umma, wani abu ya kira ni ta taga."

"Wane abu?"

"Da muryarki. Sau uku. Wallahi ban amsa ba, Umma, ko sau ɗaya ban amsa ba."

Sai a lokacin na gane abin da na aikata. Dariya ta taso mini, kuka ya tare ta, na rasa wanda zan yi. Hannuwana a jiƙe da ruwan wanki, na rasa inda zan sa su, sai na ɗora a bayanta.

"Ni ce."

"A'a Umma, ba ki gane ba. Sunana fa ya kira."

"Na ce miki ni ce na kira."

Ta ɗago ta dube ni, hancinta ja saboda mura, idanunta jiƙe. Ta daɗe tana dubana kamar mai neman inda aka yi ɗinki. Ni ce na fara kawar da kai.

"To me ya sa ta taga?"

"Haka ya zo mini."

"Kuma muryar wani iri."

"Ban saba ba ne."

Ta ja hanci. Ba ta sake ni ba, ni ma ban ce ta sake ni ba, ko da yake ƙofa a buɗe take, duk wanda ya shigo lungu zai gan mu. Na ji bugun zuciyarta yana sauka a hankali. Na ce ta je ta kwanta in haɗa mata citta da lemon tsami, ta girgiza kai. Ta ja baya kaɗan, ta riƙe hannuwana biyu, ta tsaya daidai gabana inda hasken ƙofa ke faɗowa.

"Sake faɗa, Umma. Amma a nan, ina kallon bakinki."